Yadda Ake Zaɓen Kalmar Turanci Idan Ana Nufin Hutu, Giɓi ko Tazara

Kalmar hutu tana ɗaukar kaya da yawa a Hausa. Ɗalibi ya samu hutu, ma'aikaci ya ɗauki hutu, majalisa ta tafi hutu, 'yan ƙwallo sun tafi hutun rabin lokaci, mai jinya ya ɗan samu hutu da tsakar dare. A Turanci kuwa kowanne da kalmarsa: *holiday*, *leave*, *recess*, *half-time* da *respite*. Ƙamus zai jero maka su gaba ɗaya, amma ba zai nuna maka wadda ta dace da jimlar da ke gabanka ba. Abin da ke raba su shi ne me ya tsaya, wa ya tsayar da shi, kuma tsawon wane lokaci. Bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ka ɗora alƙalami.

Mataki na ɗaya: wuri ne ko lokaci?

In abin da kake nufi ido na ganinsa, wato fili tsakanin abu biyu ko inda wani yanki ya fita, kalmarka ita ce *gap*. Wushirya *a gap between the front teeth* ce, mai ita kuma *gap-toothed*. Inda haƙori ya fita ya bar giɓi, shi ma *gap* ne. Inda awaki suka ɓarke danga suna shiga gona, *a gap in the fence*. A tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, tun ƙarshen shekarun 1960 ake jin murya tana cewa *mind the gap*, ma'ana a kula da ratar da ke tsakanin jirgi da dandamali.

Ka riƙe ƙananan kalmomi biyu da ke bin ta. Idan abu ɗaya ne ya samu giɓi a jikinsa, *in* ake sawa: *a gap in the wall*. Idan abu biyu ne ke fuskantar juna, *between* ake sawa, sannan *and* ya biyo baya: *the gap between the bed and the wall*. Masu koyo da yawa kan rubuta *between the bed to the wall*, saboda a Hausa muna cewa daga nan zuwa can. Kuskure ne, abokin tafiyar *between* kullum *and* ne.

Ba kowace kafa ce *gap* ba. Tsagar da bango ko tulu ya yi *crack* ce. Huda ko rami *hole* ne. Ƙofar da aka bari da gangan, kamar ta bakin rumbu, *opening* ce. Tazarar da aka auna aka tsara kuwa *spacing* ce: manomin da ke barin santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin rami da rami na masara, zai ga an rubuta *plant spacing* a takardar malamin gona. Amma in ya koma bayan tsiro yana sake shuka inda iri bai fito ba, wannan *gap filling* ne. A asibiti ma tazarar haihuwa *child spacing* ko *birth spacing* ake ce mata, ba *birth gap* ba.

*Gap* na shiga maganar da ido ba ya gani: ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, giɓin da ke cikin ilimin mutum, abin da masu bincike ba su taɓa ba wanda malamin jami'a ke tambayar ɗalibi da sunan *research gap*. Aikataunta ƙalilan ne, kuma ya kamata a haddace su tare da ita: *fill* don cike giɓi, *bridge* don haɗa ɓangare biyu, *close* ko *narrow* don rage rata, *widen* idan ratar na ƙaruwa.

Mataki na biyu: in lokaci ne, mutum ne ya dakata don kansa?

A nan *break* ce uwar ɗaki, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ma'anarta a ajiye aiki na ɗan lokaci da niyyar komawa. Abin da yara ke kira tashin tara a makarantar firamare, har iyaye su ba su kuɗin tara su sayi ƙosai ko rake a bakin ƙofa, shi ne *break* ko *break time*.

Ga yadda ake gina jimla da ita. Da farko tana buƙatar *a* a gabanta, domin kalma ce da ake ƙirgawa: *let us take a break*. Wanda ya ce *let us take break* ya tsallake harafi ɗaya, kuma kunnen mai harshen zai ji shi nan take. Na biyu, aikataunta *take* ne ko *have*. Ba a cewa *do a break* ko *make a break* da wannan ma'ana. Na uku, abin da aka huta daga gare shi *from* ke gabatar da shi: *she took a break from sewing*. Na huɗu, in za ka faɗi tsawon hutun, ka ɗaure lambar da ma'auni da ƙaramin layi, kuma kada ka sa *s*: *a ten-minute break*, *a two-week break*. Rubuta *a ten minutes break* na cikin kurakuran da aka fi gani a takardun jarrabawa. Dalilin shi ne lambar da ma'aunin sun haɗu sun zama sifa, ita kuwa sifa a Turanci ba ta ɗaukar jam'i.

Akwai tarko biyu. *Give me a break* ba roƙon hutu ba ne. Magana ce ta ƙosawa, kamar ka ce wa mutum haba, raba ni da wannan zance. Ma'aikacin da ya faɗa wa shugabansa haka yana neman izinin zuwa Sallar Azahar ya yi rashin ladabi bai sani ba. Abin da zai ce shi ne *May I take a short break to pray, sir?* Tarko na biyu, *a big break* ko *a lucky break* dama ce da ta buɗe wa mutum, babu hutu a cikinta.

Wani abin sha'awa shi ne Turanci da Hausa sun haɗu a wuri ɗaya. *Breakfast* asalinta *break* da *fast* ne, karya azumin dare, kamar yadda muke cewa karya kumallo. Saboda haka buɗa baki a watan Ramadan *break the fast* ne: *we break our fast at sunset*. Kada a ɗauko shan ruwa a mayar da shi *drink water*, domin baƙo zai ɗauka ƙishirwa kawai ake kashewa.

*Pause* ta fi *break* gajarta ƙwarai. Daƙiƙoƙi ne, kuma mutum bai bar wurin ba: liman ya ɗan yi shiru tsakanin aya da aya, mai jawabi ya numfasa, ka danna maɓalli bidiyo ya tsaya cak. Ana cewa *he paused for breath*, *she paused to think*, *after a long pause*. Gwajin mai sauƙi ne. In mutum zai iya tashi ya sha shayi ya dawo, *break* ce. In bakinsa kawai ya rufe, *pause* ce. Tsakanin abokai akwai *breather*, wato a ɗan sarara bayan aikin ƙarfi, amma ba ta shiga wasiƙar ofis.

Tunda an zo nan, a lura da *stop*. *He stopped eating* ya daina cin abinci ne. *He stopped to eat* ya tsaya domin ya ci. Ma'anar ta juya gaba ɗaya.

Mataki na uku: hukuma ce ta tsara hutun?

Kowace ma'aikata da kalmarta, kuma a nan ba a yin aro daga maƙwabta.

Hutun ma'aikaci da izini *leave* ne. Ba a ƙirga ta, don haka babu *a leave* babu *leaves*. Wannan ta biyun ganyaye take nufi. Sai dai *he is on leave*, *I applied for two weeks' leave*, *annual leave*, *sick leave*, *maternity leave*. Hutun da malamin jami'a ke ɗauka, galibi na shekara guda, don bincike ko koyarwa a wata jami'ar, *sabbatical* ne.

Hutun makaranta na ƙarshen zango *holiday* ne a Turancin Ingila, *vacation* a na Amurka. Makarantun Najeriya sun gaji na Ingila, don haka a jarrabawar WAEC ko NECO ka tsaya kan *holiday*: *the pupils are on holiday*. Gajeren hutun tsakiyar zango *mid-term break* ne. Ranar da gwamnati ta bayar, kamar 1 ga Oktoba ko ranar Sallah, *public holiday* ce.

Majalisa kuwa *recess* take tafiya. Idan Majalisar Tarayya ta tashi dogon hutunta na shekara, wanda kan fara wajen ƙarshen Yuli ya kai Satumba, jaridu na rubuta *the Senate is on recess* ko *in recess*. A Amurka wannan kalma ita ce kuma tashin taran yara, abin da ɗan Ingila zai kira *break* ko *playtime*.

Kotu ta fi kowa yawan kalmomi, kuma mai fassara labarin shari'a dole ya rarrabe su. In alƙali ya tashi na minti talatin zai dawo, *recess* ne. In aka jingine wata ƙara za a sake kiranta a ranar, lauyoyi kan ce *the matter was stood down*. In aka ɗage zuwa wata rana, *adjourned* ne: *the case was adjourned until 12 May*. In ba a sa rana ba, sai baba ta gani ke nan, *adjourned sine die*. Dogon hutun alƙalai na shekara *annual vacation* ake kiransa, har da *vacation judge* da ke sauraron ƙararrakin gaggawa.

Kada a haɗa *adjourn* da *postpone*, ko da yake duka biyun ɗagewa muke ce musu. *Adjourn* na abin da aka riga aka fara ne. *Postpone* na wanda ba a fara ba. Zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da aka mayar daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu *postponed* ne, domin ba a buɗe rumfuna ba aka ɗage shi.

A filin ƙwallo, hutun rabin lokaci *half-time* ne, kuma dokar wasa ba ta yarda ya wuce minti 15 ba. Ana cewa *at half-time*, babu *the*. Makon da ake dakatar da gasar lig don wasannin ƙasashe *international break* ne. A gidan wasan kwaikwayo ɗan Ingila zai ce *interval*, ɗan Amurka ya ce *intermission*.

Mataki na huɗu: abin da kansa ya lafa, ko katse shi aka yi?

Wannan rukuni ne mutanenmu suka fi bari a baya, su yi ta jibga *break* a ko'ina, alhali a nan rubutu ke yin kyau.

*Lull* ita ce lafawa. Abu mai ƙara ko zafi ya yi sauƙi na ɗan lokaci, kowa kuma ya san zai dawo: ruwan sama ya tsagaita, harbe-harbe sun yi shiru, kasuwa ta yi sanyi tsakanin Azahar da La'asar. *In* ke bin ta: *a lull in the fighting*, *a lull in business*. Ba a cewa *take a lull*, domin babu mai ɗaukarta, zuwa take yi.

*Respite* sararawa ce daga wahala, kuma daga wahala kawai: *the rain brought some respite from the heat*. Za ka samu *respite* daga ciwo, bashi, zafin Afrilu ko tsadar abinci, amma ba daga biki ko barci ba. *From* ke bin ta. *Without respite* na nufin ba ƙaƙƙautawa.

*Interruption* katsewa ce da ba a so, wadda wani ko wani abu ya jawo. Ɗaukewar wutar lantarki *power cut* ce a Ingila, *power outage* a Amurka. *They took light* Turancin gida ne, kada ya shiga rahoto. Tsayawar ruwa na kwana goma ko mako biyu a tsakiyar damina, irin wadda ke sa gero ya murɗe ganye, *dry spell* ce. Sai ta yi tsawo ta kashe amfani ake kiranta *drought*, wato fari. *August break* da ake karantawa a littattafan labarin ƙasa na kudancin Najeriya ne. A Arewa Agusta ne ruwa ya fi ƙarfi, don haka kalmar ba ta bayyana daminar Kano ko ta Maraɗi.

A labaran yaƙi kuma, tsagaita wuta kan zo da fuska fiye da ɗaya. *Ceasefire* yarjejeniyar daina harbi ce, *truce* ta fi zama ta wucin gadi, *humanitarian pause* kuwa dakatawa ce ta kwanaki don shigar da agaji, kamar ta mako guda da aka yi a Gaza daga 24 ga Nuwamban 2023. Mai fassara ya bayyana bambancin, kada mai sauraro ya ɗauka an gama yaƙi.

Mataki na biyar: tsaikon ya ɗauki watanni ko shekaru?

Kalmomi biyu ne ke takara, *gap* da *hiatus*. *Gap* tana ƙirga ratar kawai. Najeriya ta ci Kofin Afirka a 1980, 1994 da 2013, don haka a ce *after a nineteen-year gap, Nigeria won the cup again*. *Hiatus* kuwa ta abin da aka saba yi a kai a kai ne, aka dakatar, sannan aka dawo. Bikin kamun kifi na Argungu da ya dawo a Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, *returned after a long hiatus* ne. Shirin rediyo ko na talabijin da aka jingine *on hiatus* yake. Kalma ce ta rubutu, daga Latin ta fito. Wanda zai fita cin tuwo ya ce zai tafi *hiatus* ya ɗora wa ƙaramin abu babbar riga.

*Interim* ta tsakanin tsohon tsari da sabo ce, kuma galibi sifa take: *interim chairman*, *interim report*. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, daga 26 ga Agusta zuwa 17 ga Nuwamban 1993, sunanta *Interim National Government*. Lokacin da gadon sarauta ke wofi tsakanin rasuwar sarki da naɗin magaji *interregnum* ne.

*Lacuna* giɓi ne a cikin rubutu ko doka, jam'inta *lacunae*. Ta yi ta yawo a jaridu a Nuwamban 2015, lokacin da ɗan takara Abubakar Audu ya rasu kafin a kammala zaɓen gwamnan Kogi, lauyoyi suna muhawara ko tsarin mulki ya tanadi abin yi. Ta sha bamban da *loophole*: *lacuna* wurin da doka ta yi shiru ne, *loophole* kafar da mai wayo ke bi ya zille wa doka. Sakaci na ɗan lokaci *lapse* ne, kamar *security lapses*. Ɓaraka tsakanin aminai ko 'yan jam'iyya ɗaya *rift* ce.

Mataki na shida: tazara mai maimaituwa

In abu yana dawowa bayan lokaci daidai wa daida, *interval* ake nema, kuma kusan kullum da jam'i bayan *at*: *at regular intervals*, *at six-hour intervals*. Wannan ya wuce maganar nahawu, domin a takardar magani ake ganinsa. *At six-hour intervals* na nufin sau huɗu a yini da dare, misali shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sha biyun dare. Ba sau shida ba ne, ba kuma na tsawon awa shida ba. Haka *every other day* na nufin a sha yau a tsallake gobe, ba kullum ba. Mai karanta wa dattijo takardar asibiti ya natsu a wannan layi, in ya yi shakka ya koma wurin mai ba da magani ya tambaya.

Mataki na bakwai: baki da alƙalami

Harafin *p* ne babbar matsala, tunda Hausa ba ta raba shi da *f*. *Gap* kan fito kamar *gaffe*, wadda ke nufin katoɓara. Maganinsa a haɗe leɓɓa biyu su rufe ruf sannan a sake su. Ga *f* kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Riƙe ƙaramar takarda a gaban baki ka furta *pause*: in ta yi tsalle sau ɗaya ka dace, in iska ce ta yi ta busa ta a hankali, *f* ka yi.

*Break* da *brake* furucinsu ɗaya, rubutu ne ya raba su. Ta biyun ita ce Hausa ta ara ta zama birki. Wanda ya rubuta *lunch brake* ya taka wa abincin rana birki. A yi ƙoƙari kuma kada a cusa wasali tsakanin *b* da *r*. *Leave* wasalinta dogo ne, *live* gajere; *I am on live* ba ta nufin hutu. *Hiatus* gaɓa uku ce, hai-EI-tas, ƙarfi a tsakiya. *Respite* ƙarfinta a farko yake, RES-pait a Ingila, RES-pit a Amurka.

Mataki na takwas: gwada su a takarda ta gaske

Ɗauki ɗalibar da ta gama jami'a a makare saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, yanzu kuma tana cike takardar neman gurbin karatu a waje, an tambaye ta ta bayyana *any gaps in your education*. Daftarinta na farko ya ce *I had a break of eight months because of strike*. Bi matakan da ita. Lokaci ne, ba wuri ba. Ba ita ta zaɓi tsayawa ba, don haka *break* za ta sa mai karatu ya ɗauka hutawa ta je yi. *Gap year* ma ba ta dace ba, domin wannan shekarar da ɗalibi ke ɗauka ne da ganin damarsa kafin shiga jami'a. Katsewa ce daga waje, wato *interruption*. Lambar kuma sai an ɗaure ta da layi babu *s*, sannan *eight* da wasali ta fara, saboda haka *an eight-month gap* ake cewa ba *a* ba, in kuma an riga an san ratar da ake nufi sai a sa *the*. Jimlar sai ta koma: *The eight-month gap in 2022 was caused by a nationwide strike by university lecturers, which interrupted my studies from February to October.* In tana son ta nuna ba zama ta yi ba, ta ƙara layi ɗaya: *In the interim, I completed a course in data analysis.* Sai ta haɗa da takardar shaidar kwas ɗin, ta tabbatar watannin da ke jikinta sun yi daidai da waɗanda ta rubuta.